Wa Ake Jira Ya Sa Hannu?

Duk wanda ya taɓa zama kusa da mata ranar barka ya san tambayar da ke biyo bayan "me aka samu?" Sai a rage murya a ce, "Da kanta ta haihu, ko aiki aka yi mata?" In an ce da kanta, ka ji ana masha Allah, ana yaba jarumtarta. In an ce aiki ne, sai ɗaki ya ɗan yi tsit, wata ta ce "Allah sarki", wata ta ce "Allah ya kiyaye gaba", kai ka ce jaje aka zo. A wasu gidajen ma har bin bayan yarinyar za a yi da cewa ragguwa ce, 'yan matan yanzu ba su da juriya, ko kuma a ce hannu aka sa mata a cikin. Alhali jaririn da ke numfashi a gefenta, da an ƙara awa biyu ana jira a gida, da tuni an kai shi makwancinsa.

Ni a ganina wannan kallon da muke yi wa tiyatar haihuwa yana cikin abubuwan da ke cinye mana mata. Mun mayar da ita abin da ake yarda da shi bayan an gwada komai ya ƙi: an sha rubutu, an sha jiƙo, an kira ungozoma, an kira mai kemis, an kwana an wuni. Lokacin da za a miƙa matar ga likita, jikinta ya riga ya ƙare. In ta cika a kan gadon tiyata sai a koma gida a ce aiki ne ya kashe ta, gobe kuma in ta maƙwabta ta shiga irin wannan hali a ƙara jinkirtawa saboda tsoron abin da ya sami waccan.

Binciken lafiya da ƙidayar jama'a na Najeriya na 2018 ya nuna cewa kimanin haihuwa 3 cikin 100 ne ake yi ta hanyar tiyata a faɗin ƙasar. A Arewa maso Yamma abin ya tsaya wajen 1 cikin 100, kuma a yankin mata 16 cikin 100 ne kacal ke haihuwa a asibiti. Wani zai ji wannan ya ce ai alheri ne, matanmu ƙarfafa ne. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2015 cewa mutuwar uwa da jariri tana raguwa yayin da adadin tiyata ke hawa har zuwa wajen 10 cikin 100 na haihuwa, sai daga nan ne ƙarin ba ya ƙara ceton rai. Ma'ana, a kowace al'umma akwai kason matan da hanyar haihuwarsu za ta toshe ko jini ya ɓalle musu, ko Hausawa ne ko Turawa. In ana yi wa ɗaya aiki a inda ya kamata a yi wa kusan goma, to sauran suna nan a wani wuri. Wasu suna kabari, wasu sun haifi gawa, wasu suna ɗakin bayan gida suna zaune a kan tsumma saboda yoyon fitsari. Ƙiyasin hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya na shekarar 2020 ya ce mata kusan 82,000 ne suka mutu a Najeriya dalilin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duniya baki ɗaya.

Doguwar naƙuda ita ce ta fi cancantar a tsaya a kanta, domin ita ce muka fi rainawa. Jini in ya ɓalle kowa yana tsorata, jijjiga ma haka. Amma mace ta kwana ta wuni tana murƙususu, sai tsofaffi su ce lokaci ne bai yi ba, haihuwar fari dama haka take. Abin da ke faruwa a ciki kuwa shi ne kan ɗa ya sauko ya cije a ƙashin ƙugu, ko don kan ya fi ƙarfin hanyar, ko don ɗan ya zo a gicciye, ko ya zo da goshi ko kafaɗa. Mahaifa ba ta san da wannan ba, aikinta turawa ne, sai ta yi ta turawa. Tsakanin kan ɗan da ƙashin uwar akwai nama mai taushi: mafitsara ta gaba, hanji ta baya. Naman nan yana matse awa bayan awa, jini ba ya isa gare shi, har ya mutu. Shi ya sa matar da ta daɗe a wannan hali ba ta iya fitsari, in an sa mata roba a asibiti sai ka ga abin da ke taruwa a ledar ja ne kamar ruwan wankin nama. Ɗan yakan rasu a ciki, kansa ya yi laushi, daga baya ya fito, a ce Allah ya sauke ta. Bayan 'yan kwanaki mataccen naman ya zube, ya bar ƙofa tsakanin mafitsara da gaba, fitsari ya fara bin ƙafa dare da rana. Wata har ƙafarta ke shanyewa saboda jijiyar da kan ɗan ya danne.

Wanda ke son ganin ƙarshen wannan haƙuri da muke yabo, ya je Babbar Ruga a Katsina, inda likitan nan ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya yi wa dubban mata ɗinkin yoyon fitsari tun daga shekarun 1980, ko cibiyar Laure Madaki da ke asibitin Murtala a Kano, ko Jahun a Jigawa. Mafi yawan matan da ke kwance a wuraren nan aikin da bai kai awa ɗaya ba ne ya kamace su ranar naƙuda, ba su samu ba. Da yawansu mijin da aka jira ya ba da izini shi ne ya fara ƙaurace wa ɗakinsu saboda zarni.

Kuma kada a ɗauka abin na 'yan mata masu cikin fari ne kaɗai. Gaskiya ne yarinyar da ƙugunta bai gama buɗewa ba, musamman wadda ta tashi cikin ƙarancin abinci, tana cikin haɗari. Sai dai mahaifar mai cikin fari in ta tura ta gaji takan tsaya. Ta wadda ta haihu shida ko takwas ba ta tsayawa, ga bangonta ya yi sirara, sai ta yi ta matsawa har ta fashe. A nan ne ake samun ruɗi mafi muni: matar da ke ta ihu sai ta yi shiru, ta ce ciwon ya lafa, mutanen gida su ce alhamdu lillahi, ta samu sauƙi, a bar ta ta huta. Jini ne ke zuba a cikin cikinta. Kalmar "na haifi takwas a ɗakina ko ungozoma ban kira ba" ta kai mata da yawa lahira a ciki na tara.

Sauran dalilan yin tiyata an fi sanin su. Hawan jini na masu ciki, da kumburin fuska da hannu, da ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, shi ke kaiwa ga jijjiga, wadda har gobe ake kira iska a yi ta hayaƙi, alhali akwai allurar magnesium sulphate mai araha da ke tsayar da ita, maganinta na ƙarshe kuma shi ne a raba uwa da cikin. Akwai mabiyiya da ke zama a bakin mahaifa ta tare hanya, alamarta jini ja ba tare da ciwo ba, wannan kam babu ta yadda za a haihu ta ƙasa. Akwai wadda ke ɓanɓarewa kafin ɗa ya fito, ciki ya yi tauri kamar dutse. Akwai igiyar cibiya da ke riga ɗa fitowa bayan faya ta fashe, kan ɗan ya danne ta, numfashinsa ya yanke cikin mintoci. Ma'aikatan lafiya suna da wani ƙiyasi da ake koya musu na tsawon lokacin da mace za ta iya kaiwa in ba a taimaka mata ba: zubar jini bayan haihuwa awa 2, zubar jini kafin haihuwa awa 12, fashewar mahaifa kwana 1, jijjiga kwana 2, toshewar haihuwa kwana 3. A Ingila, in rayuwar uwa ko ta ɗa na cikin haɗari nan take, ƙa'idarsu ita ce a ciro ɗan cikin minti 30 daga lokacin da aka yanke shawara. Mu a nan minti 30 ba ya isa a samo mai babur ɗin da zai je ya kira maigida daga kasuwa.

Ba zan ce tsoron mutane ba shi da tushe ba. Wani babban bincike da aka wallafa a 2019, wanda ya bi diddigin mata fiye da 3,000 a asibitoci 183 na ƙasashen Afirka 22, har da Najeriya, ya gano cewa kimanin mata 5 cikin 1,000 da aka yi wa tiyatar haihuwa sun mutu, wato ninki 50 na abin da ake gani a ƙasashe masu arziki. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma duk likitan da zai ce wa dangi "ba komai, ɗan aiki ne" bai yi musu adalci ba. Amma binciken ya nuna cewa kashi uku cikin huɗu na ayyukan nan na gaggawa ne, da yawa kuma matan sun iso da matsalarsu ta riga ta yi nisa, zubar jini na kan gaba a abin da ke kashe su. Tun kafin wannan, Farfesa Kelsey Harrison ya yi nazarin haihuwa 22,774 a Zariya tsakanin 1976 da 1979, ya ga cewa mace-macen sun taru ne a kan matan da ba su taɓa zuwa awo ba, waɗanda sai da abu ya ɓaci aka ɗauko su. Masu zuwa awo, a asibiti ɗaya, a hannun likitoci ɗaya, haɗarinsu bai kama ƙafar na waɗancan ba. Shekara fiye da arba'in ke nan da wannan aiki, a garinmu aka yi shi, amma in ka shiga ɗakin haihuwa yau da dare labarin bai sauya ba.

To ina awoyin da ake ɓatawa kafin a yi wa mace aiki suke tafiya? Na farko kunya ce ke cinye su. Mun tarbiyyantar da 'ya'yanmu mata cewa mai cikin fari ba ta faɗa, ba ta kuka, ba ta nuna ta san abin da ke jikinta, don haka yarinya za ta cije zane tun magariba ba wanda ya sani sai asuba. Na biyu ana ɓata su wajen gwaje-gwajen gida, mafi haɗari a ciki allurar naƙuda da mai kemis ko wata "nas" ta unguwa ke zuwa ta yi. Wannan allura a asibiti da lissafi ake sa ta cikin ƙarin ruwa, ana ƙirga ɗigo, ana sauraron zuciyar ɗa, kuma ba a taɓa yi wa wadda hanyarta ta toshe. A gida kuwa a cinya ake danna ta gaba ɗaya. In ɗa a gicciye yake, an sayi fashewar mahaifa da kuɗi ke nan. Sai hanya, da neman mota, da ƙaramin asibitin da zai riƙe ta awa huɗu kafin ya ce ku wuce gaba.

Amma wanda ya fi ci mini rai shi ne jinkirin da ake yi bayan an riga an iso. Na tsaya a barandar ɗakin haihuwa na wani babban asibitin gwamnati da dare, na ga abin da idona. Likita ta fito da takarda a hannu ta ce aiki za a yi yanzu, zuciyar ɗan tana raguwa, wa zai sa hannu? Ga uwar yarinyar a tsaye, ga ƙanen miji, ga ita kanta mai naƙudar a ciki da hankalinta, tana cewa a yi mata ko me za a yi. Uwar ta ce, "Likita, ni ba ni da iko, matar mutane ce." Ƙanen ya ce shi ba zai ɗauki wannan nauyi ba, sai Yaya. Yaya yana Kudu ya kai kaya, wayarsa ba ta shiga. Aka yi ta kira, aka kira abokin tafiyarsa, da aka same shi ya ce a bari ya ji ta bakin Hajiya, Hajiya kuma ta ce a zuri'arsu ba a taɓa yanka mace ba, a ƙara ba ta lokaci. Likitar tana tsaye da biro a hannu, tana duba agogon bango.

Babu dokar ƙasar nan da ta ce baligar mace mai hankalinta ba za ta iya sa hannu a yi mata aikin ceton ranta ba. Al'ada ce ta asibitoci, tsoron rigimar dangi ne ya haife ta, har ta zama kamar doka. Ra'ayina a nan ba shi da kwana: in mace tana cikin hayyacinta, an yi mata bayani da harshen da take ji, ta ce ta yarda, to a ba ta biro ko a dangwala yatsanta a shiga da ita. Ma'aikatun lafiya na jihohi su rubuta wannan a fili, su tsaya bayan ma'aikacin da ya yi aiki da shi, don kada gobe a bar shi shi kaɗai da masu zuwa da sanda. Miji yana da haƙƙi, ban musa ba, kuma gidan da ake shawara ya fi albarka. Wurin shawarar dai shi ne ranar awo, tun ciki na wata bakwai, ana zaune hankali kwance. Malam, ka bi iyalinka ko sau ɗaya, ka ji abin da hoton ciki ya nuna, ka faɗa a gaban mahaifiyarka da tata cewa in likita ya ce aiki, ko kana nan ko ba ka nan ka yarda. Ka ware kuɗin mota daban da na ragon suna. Ka san direban da za a tasa da tsakar dare. A jihohi da dama na Arewa ƙungiyar direbobi ta NURTW tana da masu aikin sa kai na ɗaukar mata masu naƙuda, a Jigawa ma akwai shirin Haihuwa Lafiya.

Sai maganar jini, wadda ita ma mu maza ne matsalarta. Za ka ga majiya ƙarfi biyar a bakin asibiti, a ce ana neman leda biyu, nan take kowa ya tuna bai ci abinci ba ko yana fama da basir. Ledar jini ba ta kai rabin lita ba, lafiyayyen namiji yana tashi ya koma harkarsa. A san rukunin jinin mai ciki tun a awo, a san mutum biyu da za su bayar, wannan ko kwabo ba ya ci.

Gwamnati ma tana da nata kason, babba kuwa. A watan Nuwamba na 2024 Ministan Lafiya Muhammad Ali Pate ya sanar da cewa za a riƙa yi wa mata mabuƙata tiyatar haihuwa kyauta, cikin shirin da ya mayar da hankali kan ƙananan hukumomi 172 da ke ɗauke da fiye da rabin mace-macen masu haihuwa a ƙasar. Na yi murna da wannan, domin na san mutanen da kuɗi ne kaɗai ya sa suka ce "a ƙara gwadawa". Sai dai maƙwabtanmu na Nijar sun riga mu, tun 2005 suka mayar da tiyatar haihuwa kyauta, kuma sun ga abin da ke faruwa in gwamnati ta yi jinkirin biyan asibitoci kuɗinsu: sunan kyauta yana nan, amma a miƙo wa dangi takardar sayen safar hannu da zare da ruwa da allura daga waje. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 20, ta hana ma'aikaci ko asibiti ƙin ba mutum kulawar gaggawa bisa kowane dalili, amma wa bai taɓa jin "sai kun biya kafin a shiga" ba? Ma'aunin Majalisar Ɗinkin Duniya shi ne kowane mutum 500,000 su sami aƙalla asibiti ɗaya da ke iya tiyata da ƙarin jini dare da rana. Abin da zan so gwamna ya duba da kansa, ba a takarda ba, shi ne ƙarfe biyun dare a babban asibitin ƙaramar hukuma: akwai likita a kusa, akwai mai allurar kashe zafi, janareta na da mai, firjin jini na aiki? Sannan a horar da masu tsawa da zagin mata a ɗakin haihuwa, domin matar da aka wulaƙanta sau ɗaya ta gwammace ta mutu a ɗakinta. Na kuma san akwai asibitocin kuɗi a birane da ke saurin kai mace tiyata ba gaira ba dalili; a binciki su a hukunta, amma laifinsu bai zama hujjar barin matar ƙauye ta kwana uku a kan gwiwa ba.

Idan mace ta rasu wajen haihuwa mukan yi wa juna ta'aziyya da cewa ta yi shahada, kuma hadisi ya tabbatar da haka. Darajarta ce wannan, Allah ya ba ta. Bai wanke wanda ya hana a sa hannu ba, bai wanke wanda ya kulle ɗakin tiyata ya tafi asibitinsa na kuɗi ba. Addinin da ya yi mata bushara shi ne ya umarce mu da neman magani, ya hana mu jefa kai ga halaka. Ina roƙon malamanmu, masu wa'azin mata da limaman Juma'a, su riƙa haɗa maganganun nan biyu a wuri ɗaya, domin akwai mazan da ba za su ji daga bakin likita ba sai daga kan mumbari.

Tsoron da ya fi zama a zuciyar matan kansu shi ne wai in an yi aiki sau ɗaya shi ke nan, haihuwa uku ce an rufe, kishiya ta wuce gaba. Ba haka abin yake ba. In dalilin aikin farko ba mai dawowa ba ne, kamar ɗa ya zo a gicciye ko mabiyiya ta tare hanya, mata da yawa, fiye da rabi, suna haihuwa da kansu a ciki na gaba. Sharaɗin shi ne a ba mahaifa hutun kamar shekara biyu ɗinkin ya yi ƙwari, kuma haihuwar ta kasance a asibitin da zai iya shiga tiyata nan take in tabon ya fara buɗewa. Gaskiya ne kowane ƙarin aiki yana ƙara haɗari, don haka likita ne zai duba ya faɗi inda ya kamata a tsaya, mace da mace sun bambanta. Wadda ke cikin haɗari mafi girma ita ce mai tabo da ta ɓoye naƙuda a gida don kada a sake yanka ta, dangi kuma suna zuga ta cewa wannan karon ta nuna musu ita ma mace ce. Saboda ita nake roƙon ma'aikatan asibiti kada su sallami kowace mai aiki sai sun zaunar da ita da mijinta, sun faɗa musu da Hausa dalilin da ya sa aka yi aikin, sun rubuta shi a kati, tare da irin yankan da aka yi wa mahaifar da asibitin da za ta nufa da zarar ciki na gaba ya shiga.